Nazarin Gyaran Wani Tsohon Firji Samfurin Monitor Top da Ya Ƙi Tashi

A farkon watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya fara kankama a arewacin jihar New York, wani dattijo da muke sallar Juma'a a masallaci ɗaya ya tare ni bayan an idar, ya ce yana da wani aiki da yake so in duba masa kafin ya yanke shawara a kansa. Ya sayi wani tsohon gida ne, kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan ya tarar da wani farin firji mai ƙafafu huɗu, wanda injinsa ke zaune a bisa kansa kamar an aza masa ganga. "Malam," in ji shi, "na jona shi da wuta, sai ya yi gurnani na ɗan lokaci, fitilar ɗakin ta dushe, sannan na ji ƙas, ya yi shiru. Na maimaita ya kai sau shida, abin bai canza ba." Ya ƙara da cewa ya riga ya kira wani mai gyara, wanda ya saurari gurnanin sau ɗaya ya ce kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya mutu, kuma maganin kawai shi ne a yanke bututu, a zubar da abin da ke ciki, a ɗaura sabon kwamfireso, a zuba gas irin na zamani. Abin da ya hana a yi hakan a ranar shi ne mutumin bai zo da kayan walda ba. Na roƙi Alhaji abu biyu, wato kada ya sake jona shi, kuma kada ya bari kowa ya kusanci bututunsa da zarto ko da wuta har sai na zo.

Tun daga kwatancen da ya yi na gane irin firjin da ake magana a kai. Kamfanin General Electric ne ya fito da shi a shekarar 1927, kuma mutane suka laƙaba masa suna Monitor Top saboda gangar da ke kansa ta yi kama da hasumiyar igwa ta jirgin ruwan yaƙi mai suna Monitor, wanda aka yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka a 1862. Injiniyan da ya jagoranci ƙirarsa shi ne Christian Steenstrup, haifaffen ƙasar Denmark, wanda ya yi aiki a masana'antar kamfanin da ke garin Schenectady. Abin da ya bambanta wannan firji da yawancin na zamaninsa shi ne an rufe motar lantarki da kwamfireso a cikin tukunyar ƙarfe guda, an liƙe ta ruf, babu bel, babu sandar da ke leƙowa waje balle gas ya sami hanyar tsiyaya. Kafin ƙarshen 1931 an ƙera sama da miliyan ɗaya. Wannan rufewar ita ce dalilin da ya sa har yau ake samun waɗanda ke aiki bayan kusan shekara 90, kuma ita ce dalilin da ya sa yanke bututu ya zama matakin ƙarshe da ya kamata mai gyara ya ɗauka, domin abin da aka buɗe ba ya komawa yadda masana'anta ta rufe shi.

Da na isa gidan ranar Asabar, ban taɓa filogi ba. Na fara da neman ɗan farantin ƙarfen da ke ɗauke da bayanin injin, domin Monitor Top ba iri ɗaya ba ne, kuma duk abin da za a yi daga baya ya rataya ne a kan sanin wanne ne a gabanka. Na farkon, waɗanda ake kira DR, suna aiki da salfa-dayoksaid, iska mai warin ashana da aka ƙyasta, wadda in ta ɓalle a ɗaki rufaffe take shaƙe mutum ta ƙona masa ido da maƙogwaro. Na ƙarshen, samfurin CK da aka fara a 1935, su ma sun koma ga wannan iskar. A tsakaninsu akwai samfurin CA na shekarun 1933 da 1934, wanda aka zuba wa wani sinadari daban mai suna metil fomet. Da na goge ƙurar farantin da yatsa na haska tocila, sai na ga harufan CA. Nan take na fahimci girman abin da Allah ya kiyaye, domin metil fomet yana kama wuta, kuma da an kai masa harshen walda a wannan ɗaki marar taga, ba firjin kaɗai za a yi asara ba.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan sinadari da dole mai karatu ya riƙe, domin ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Gas ɗin R-134a da aka saba da shi a firjin zamani yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, salfa-dayoksaid kuma a digiri 10 ƙasa da sifili, amma metil fomet ba ya tafasa sai zafi ya kai kimanin digiri 32. Ma'ana, a yanayin ɗaki na yau da kullum ruwa ne, ba iska ba, kuma in firjin yana zaune a kashe cikin sanyi, matsin da ke cikin bututunsa bai kai na iskar waje ba. Wanda ya huda irin wannan bututu ba zai ji gas yana fita da ƙara ba, iskar ɗakin ce za ta kutsa ciki da danshinta. Haka kuma an ƙera kwamfireson ne domin wannan ƙaramin matsi, saboda haka zuba masa gas na zamani daidai yake da ɗora wa jaki kayan raƙumi, ga shi kuma man da ke ciki ba ya jituwa da R-134a.

Na zauna da Alhaji na sake bin bayaninsa daki-daki, domin sautin da firji ke yi in ya ƙi tashi shaida ce mai ƙarfi. In aka jona firji bai ce uffan ba, wuta ce ba ta isa motar ba, kuma sai a nemi laifin a soket, ko waya, ko makunni, ko tamostat, wato na'urar da ke kunna injin ta kashe shi gwargwadon sanyi. In kuwa ya yi gurnani, fitila ta dushe, sannan ya yanke, to wuta ta isa motar har ta yi yawa, motar ce ta kasa juyawa, na'urar kariya kuma ta yi aikinta ta katse wutar kafin kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin motar, ya ƙone. Wannan ƙas ɗin da Alhaji ya ji, wanda mai gyaran farko ya ɗauka alamar mutuwa ce, a wurina albishir ne, domin ya nuna cewa akwai kwayil mai jan wuta kuma akwai kariya mai aiki. Abin da ya rage a gano shi ne dalilin da ya hana juyawar, kuma dalilan da ke wajen tukunyar sun fi na cikinta yawa nesa ba kusa ba.

Soket ɗin bangon ya nuna bolt 118, wanda ya yi daidai da wutar gidajen Amurka. Wayar firjin kuwa ta gama lalacewa. Da na ɗan lanƙwasa ta kusa da filogi, sai robar ta farfashe a hannuna kamar busasshen ƙanzo, jan ƙarfen ya bayyana tsirara a wurare biyu. Wannan kaɗai ya isa hana a sake jona shi, amma ba shi ne ya hana motar tashi ba, tunda wuta tana wucewa. Daga nan na yi wani gwaji mai sauƙi wanda ke da muhimmanci ƙwarai ga samfurin DR da CA. Waɗannan injuna suna da wata 'yar ƙaramar hita da aka zura a wani rami a gindin tukunyar, mai cin wuta wat 12 zuwa 15, wadda ke aiki dare da rana muddin filogi na cikin soket, ko da an kashe makunnin firjin. Na cire ƙwan fitilar cikin firjin don kada ya ruɗa lissafi, na kashe makunni, na ɗora bakin mita a kan haƙoran filogi biyu. Hita mai wannan ƙarfi a kan wutar Amurka ya kamata ta nuna kusan om 1000 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta). Mitar ba ta motsa ba. Hitar ta mutu, kuma ga dukkan alamu ta daɗe da mutuwa.

Kafin in ba wannan binciken nauyin da ya dace da shi, sai da na tabbatar da lafiyar motar kanta, domin in kwayil ya ƙone, sauran aikin duk ɓata lokaci ne. Motar tana da kwayil biyu, na tafiya da na tayarwa, kuma wayoyi uku ne ke fitowa daga cikinta, ɗaya na tafiya, ɗaya na tayarwa, ɗaya kuma na tarayya. Na kwance su daga jikin rile, wato na'urar da ke tayar da motar, na auna su bibbiyu. Tsakanin na tarayya da na tafiya na sami om kaɗan, ƙasa da biyar. Tsakanin na tarayya da na tayarwa adadin ya fi haka. Tsakanin na tafiya da na tayarwa kuwa sai na sami jimillar biyun daidai. Wannan lissafin shi ne abin da ake nema, domin yana nuna babu kwayil da ya tsinke kuma babu wanda ya haɗe da ɗan'uwansa. Sannan na kankare fenti kaɗan a wani ɓoyayyen wuri na auna kowace waya da jikin ƙarfen, ban sami wata hanya a tsakaninsu ba. A nan na taƙaita ga mitar hannu ta yau da kullum. Ban yi amfani da na'urar gwajin da ke tura bolt 500 ba, saboda ƙa'ida ce a wannan sana'a cewa ba a tura irin wannan wuta cikin kwamfireson da matsinsa ya yi ƙasa da na iskar waje, kuma rufin kwayil mai wannan shekaru bai cancanci a jarraba shi da abin da bai taɓa gani ba.

Sai na koma kan rile, wanda nake zargi tun farko. Aikinsa a irin wannan mota ɗan gajere ne amma babu tashi sai da shi. A daidai lokacin da aka kunna firji, kwayil na tafiya yana jan wuta mai yawa saboda motar a tsaye take. Wannan wutar tana ratsa wani ƙaramin naɗi a cikin rile ta mayar da shi maganaɗisu, ya ja wani ɗan hannu na ƙarfe, hannun ya haɗa baki biyu, wuta ta shiga kwayil na tayarwa. Da zarar motar ta ɗauki gudu, jan wutar ya ragu, maganaɗisun ya saki, bakin ya rabu. Duk wannan bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. In bakin bai haɗu ba, motar za ta tsaya tana kaɗuwa a wuri ɗaya tana gurnani, kamar dai yadda Alhaji ya bayyana. Da na buɗe murfin, na tarar da saƙar gizo-gizo da ƙura sun cika ciki, ɗan hannun ya yi tsatsa a maƙalarsa har sai na tura shi da tsinke kafin ya motsa, bakin biyun kuma sun yi baƙi ƙirin da ƙananan ramuka kamar fuskar da ta sha agana. Na auna su a haɗe, mitar ta nuna kamar a rabe suke.

Na wanke maƙalar da ruwan wanke kayan lantarki har hannun ya riƙa faɗuwa da nauyin kansa, sannan na goge bakin biyun da siririn magagari, a hankali, har farin ƙarfen ya fito. Mutane da yawa a wannan mataki sukan jefar da tsohon rile su ɗaura irin na zamani mai haɗe da kafasita (ɗan abin da ke tara wuta ya ƙara wa mota ƙarfin tashi), wanda ake sayarwa don tayar da kwamfireso mai taurin kai. Ni ban yarda da wannan ga injin irin wannan ba. Na'urar tana tilasta wa motar tashi ne ba tare da an san abin da ya riƙe ta ba, tana tura wa kwayil na tayarwa ƙarfin da ba a ƙera shi dominsa ba, kuma sau da yawa kariyar da ke cikinta ba ta dace da girman motar ba. In tsohon rile ya lalace ƙwarai, akwai na zamani marar kafasita da za a iya sawa, amma wannan na gabana bai kai nan ba. Na mayar da shi a tsaye yadda aka ƙera shi ya zauna, domin nauyin hannun yana cikin lissafin aikinsa.

Da wayar wucin gadi da mitar auna jan wuta a maƙale, na kunna firjin na daƙiƙa biyu ko uku kacal, ba don ya yi sanyi ba, sai don in san ko motar a sake take ko ta ƙame. Rile ya yi ƙas, motar ta juya, amma tare da wata ƙara mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, allurar mitar kuma ta ƙi saukowa inda ya kamata. Na kashe nan take. Alhaji, wanda ke tsaye a kan matakala, ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ga shi ya tashi, Malam. Me ya sa ka kashe?" Na ce masa, "Alhaji, ya nuna mana yana da rai, amma in muka bar shi a haka, mu da kanmu za mu kashe shi."

A nan ne mutuwar hita ta shigo. Duk sinadarin sanyi, in inji yana kashe, yakan yi ƙaura zuwa wurin da ya fi sanyi, kuma yana narkewa cikin man inji. Metil fomet da yake ruwa ne a zafin ɗaki, wannan hali ya fi tsanani a gare shi. Aikin hitar shi ne ta riƙe man da ɗan ɗumi fiye da sauran sassan, don sinadarin ya ƙaurace masa. Wannan firji ya yi shekaru a ɗakin da ma'aunin zafina ya nuna digiri 11, babu hita, saboda haka wani babban kaso na sinadarin ya gangara ya kwanta a gindin tukunyar ya gauraye da mai. Man da ya tsinke haka ba ya shafe ƙarfe yadda ya kamata, kuma da zarar motar ta juya sai ya yi kumfa, ruwa ya shiga inda iska kaɗai ya kamata ta shiga. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Ƙarar tsakuwar da muka ji ita ce kwamfireso yana karo da ruwa, kuma kowane ɗaya daga cikin jonawa shidan da aka yi kafin zuwana, da rile ya haɗa, da irin wannan dukan injin zai sha. Na daɗe ina tunanin cewa lalacewar rile ta kare injin daga illar mutuwar hita.

Na auna faɗi da tsawon ramin, na yi odar sabuwar hita mai siffar sigari da ƙarfinta ya yi kusa da na asali. Kwanakin da muka yi muna jiran ta na yi amfani da su wajen sauya wayoyi. Injin Monitor Top a zaune kawai yake a kan akwatin, ana ɗaga shi gaba ɗaya tare da ɗakin ƙanƙarar da ke rataye a ƙarƙashinsa, amma yana da nauyi ƙwarai, sai da muka haɗu mu uku da 'ya'yan Alhaji biyu muka ɗora shi a kan katakai biyu ba tare da mun karkatar da shi ba. Wuri ɗaya ne a wannan aikin ke buƙatar dogon numfashi, wato inda wayoyin motar ke ratsa jikin tukunyar. An liƙe su ne da gilashi a cikin ƙarfe, kuma zafin dalma mai yawa ko jan waya da ƙarfi na iya tsaga wannan liƙin, daga nan kuma iska ta sami ƙofa. Saboda haka ban kai ƙarfen dalma wurin ba. Na bar ɗan guntun tsohuwar waya a jikin kowanne, na zura masa rigar roba mai tsukewa da zafi, na yi haɗin a nesa. Na sa sabuwar waya mai haƙori uku, na ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen firjin, domin a zamanin da aka ƙera shi ba a sa wayar ƙasa. Muka hau da shi sama zuwa wani ɗaki kusa da ƙofar baya, inda akwai ɗumi da tagogi biyu.

Da hitar ta iso na zura ta, na jona firjin da makunni a kashe, mitar bango ta nuna wat 15. Na ce wa Alhaji kada kowa ya taɓa makunnin sai bayan kwana ɗaya cur. Washegari da yamma na ɗora tafin hannuna a gindin tukunyar na ji ɗumi kamar na jikin mutum. Na kunna. Rile ya haɗa ya saki cikin ƙiftawar ido, motar ta ɗauka da wani sauti mai laushi, kuma bayan 'yan mintoci na ji ruwa ya fara ɓulɓula a ɗakin ƙanƙara. Da a nan aka tsaya, da an ce aiki ya ƙare, amma na ja kujera na zauna, domin na san samfurin CA yana da wata cuta ta uku. Bayan kamar minti 20 sai cin wutar ya fara hawa maimakon sauka, ya wuce wat 200, ƙarar tsakuwar ta fara dawowa sama-sama, raɓar ƙanƙara kuma ta kama gefe ɗaya kawai. Na shafa kondensa, wato farantin ƙarfen da ya zagaye tukunyar, daga sama zuwa ƙasa. Layukan sama suna da zafi, na ƙasa kuwa sanyi ƙalau, haka ma 'yar tukunyar da ke gefe ta bawul mai tuntu, wato bawul ɗin da wani ɗan abu mai yawo a kan ruwan sinadarin ke buɗewa da rufewa.

Abin da ke faruwa shi ne, cikin tsawon shekaru metil fomet yana ɗan rushewa a hankali, yana haifar da iskar da ba ta komawa ruwa komai matsin da aka yi mata, cikinta har da kabon monoksaid. Wannan iska tana taruwa a ƙasan kondensa da saman tukunyar bawul, ta tare wurin da sinadarin zai huce ya zama ruwa, matsi ya hau, motar ta wahala, a ƙarshe kariya ta yanke. Masu ƙirar sun tanadi wani ɗan sukuru a saman tukunyar bawul, a ƙarƙashin murfi, wanda ake kwancewa da wani mabuɗi na musamman mai tsaga-tsaga. Hatsarin aikin yana cikin abin da na ambata a baya: in aka buɗe sukurun alhali ɓangaren bai wuce digiri 32 ba, maimakon a fitar da iska sai a shigar da ita. Don haka na sa kwanon ruwan zafi a ɗakin ƙanƙara domin in ba injin aiki, na manna ma'aunin zafi a jikin kondensa, na jira har ya kai digiri 38. Na buɗe tagogin biyu, na tabbatar babu murhu ko wata wuta a kusa, na cika ɗan ramin da ke kan sukurun da mai mai tsabta, sannan na murɗa mabuɗin kaɗan ƙwarai, abin da bai kai kaurin farce ba.

Man nan da ke ramin shi ne idon mai aikin. In ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, iska na fita; in man ya fara nutsewa, ana tsotsar sa ciki, sai a rufe da gaggawa. Kumfa suka fara tasowa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na riƙa barin su na 'yan mintoci, in rufe, in bar injin ya sake tattaro iskar, in kuma buɗewa. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ya fi cin lokaci, kuma babu hanyar gajarta shi, domin wanda ya buɗe sukurun da yawa don ya gama da wuri zai fitar da sinadarin kansa, wanda ba a samun sa a shagon kayan firji. Na yi awa uku a ranar farko da kusan biyu a rana ta biyu. Abin da ke ƙarfafa zuciya shi ne ana jin ci gaban da hannu: duk bayan wani lokaci in na shafa kondensar sai in ji iyakar zafin ta sauko da layi ɗaya, cin wutar yana raguwa, ƙarar tana lafawa. Da ɗumin ya kai saman tukunyar bawul, kumfar kuma ta fara zuwa da wani ƙamshi mai ɗan zaƙi, na san sinadarin ne ya fara biyo baya, na ɗaure sukurun na mayar da murfinsa.

A daren rana ta biyu raɓar ƙanƙara ta rufe ɓangarorin ɗakin ƙanƙarar duka biyu daidai wa daida, cin wutar ya tsaya a wajen wat 150, tamostat ya kashe injin da kansa ya kuma tayar da shi bayan hutu mai tsawo. Na bar ma'aunin zafi a cikin kofin ruwa a tsakiyar firjin, da safe ya nuna digiri 4. Na sake duba shi bayan mako biyu ban ga canji ba. Da raɓar ta ci gaba da kama gefe ɗaya bayan fitar da iskar, da zargina ya koma kan bakin bawul mai tuntu, wanda kan cinye a wannan samfurin, kuma gyaransa kan tilasta buɗe bututu. Allah ya sa ba mu kai can ba. Robar bakin ƙofa ta bushe, na sauya ta, kuma hutun injin ya ƙara tsawo bayan haka.

Akwai magana ɗaya da na yi wa Alhaji wadda ba ta shafi tashin injin ba amma ba zan iya barin gidan ban faɗa ba. Ƙofar wannan firji tana da sakata mai kamawa daga waje, ba a iya buɗe ta daga ciki, kuma irin waɗannan ƙofofin sun yi sanadin mutuwar yara da suka shiga ɓuya, har majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1956 da ta wajabta ƙera firjin da za a iya turawa daga ciki. Gidan Alhaji gida ne mai jikoki. Muka yi shawara aka bar dukkan shantayen ƙarfen a ciki don kada a sami sararin da yaro zai shiga, kuma aka ajiye firjin a ɗakin da ake kullewa.

Na rubuta masa abu uku a takarda na manna a gefen akwatin: in zai kashe firjin ya kashe daga makunni ya bar filogi a soket domin hita ta ci gaba da aiki, in wuta ta ɗauke na tsawon yini ko aka zare filogin, ya jira awa 24 bayan an mayar kafin ya kunna, in kuma ya sake jin ƙarar tsakuwa ko ya ga raɓa ta koma gefe ɗaya, ya kashe ya kira ni. Tsohuwar hitar da guntun wayar da ta farfashe na sa su a ambulan na ba shi, ya ce zai ajiye su a aljihun tebur tare da takardun gidan.